Ranar da Hajjo Ta Ƙi Yafewa

Tun da ta haife shi, Hajjo ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Ba ƙiyayya ba ce. Haka ta tarar ana yi a Zandam, haka ta ga uwarta ta yi da babban wanta. Ɗan fari ba a faɗar sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Kunya ce, kuma mai kunya ita ake yabo.

Da ya isa yaye, Dada, yayar mijinta Manu, ta zo daga Birnin Kudu ta goya shi ta tafi. Dada ba ta taɓa haihuwa ba, sai aka ba ta riƙonsa. Hajjo tana cikin ɗaki lokacin da aka fita da shi. Ba ta leƙo ba, don kada a ce ta leƙo.

Sunansa Musbahu. A bakin Hajjo kuwa, shi ne "na wajen Dada".

A Birnin Kudu ya girma, ya gama sakandare, ya koyi ɗinki a kan keken da Dada take ci da kanta da shi tun rasuwar mijinta. Yakan zo Zandam da salla, ya gaida Hajjo daga bakin ƙofa kamar yadda ake gaida matar maƙwabci. Ƙannensa, Zulkifli da Zahara'u, suna ce mata Inna. Shi yana ce mata "Innar su Zahara'u".

Dada ta rasu yana da shekara ashirin. Bayan sadakar arba'in, dangin mijinta suka karɓi gidan. Ba su yi zalunci ba, nasu ne. Kayan ɗakinta aka raba wa 'yan'uwanta, domin ɗan riƙo ba ya gado, keken ɗinkin ya faɗo a rabon Manu. Wani ƙanin Manu da ke Kangire ya ce a ba shi yaron ya taya shi aikin damina. Kafin a kai ga maimai, noma na biyu, ya dawo da shi, ya ce hannunsa bai san fartanya ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a ɗakin Zulkifli da ke jikin zaure.

A cikin makon da ya dawo ne Manu ya sayar da keken ya sayi taki. Bai yi da mugunta ba. Gero yana neman taki, keke kuma yana jingine a ɗaki. Hajjo ta hango ta kan katanga lokacin da ake ɗaure shi a bayan babur. Yaron yana tsaye a inuwar darbejiya, har ya kama wa mai sayen igiya ya ja masa ta ɗauru da kyau.

Abin da ya rage masa bai da yawa: jaka, bargo, takalmi sau-ciki, almakashi, da tunkiyar da Dada ta saya masa.

Bai taɓa yin rigima da kowa ba. Yana bin su gona, yana yin iyakar yinsa, amma kunyar da yake nomewa tana zama a baya. Samari suka laƙaba masa Ɗan Birni. In an ajiye kwano, ba ya sa hannu sai an ce masa bismilla har sau biyu, kuma shi ne farkon tsame hannu. Hajjo tana ganin duk wannan a kwanon da ake dawo mata da shi, domin gefe ɗaya kullum yana dawowa da tuwo. In za ta aika masa da abu, sai ta yi magana da iska: "A kai wa masu zaure." In ya amsa, shi ma da iska yake magana: "An gode."

Kaka ta yi. Aka yanke gero, aka shiga roron wake. A lokacin ne mutane suka fara cewa yaron ya sake. Fuskarsa ta washe, yana gaida kowa da fara'a, har an ji dariyarsa a dandali.

Wata rana da hantsi Zahara'u ta shigo tana jan tunkiya.

"Inna, kin ga Yaya Musbahu ya ba ni."

"Kiwo ya ba ki?"

"Kyauta. Ya ce har abin da za ta haifa nawa ne."

Hajjo ta ci gaba da wanke-wankenta. Bayan kwana biyu ta ga takalmin a ƙafar Zulkifli, ya yi masa yawa, yana jan sa a tsakar gida yana taƙama.

Sai ga Khairiyya, matar maƙwabcinsu Badamasi, ta shigo aron rariya, ta zauna a kan turmi kamar yadda ta saba.

"Hajjo, yaron nan naku akwai ladabi. Jiya ya zo har cikin gida ya durƙusa, wai in yafe masa. Na ce kai Ɗan Birni, me ka yi mini, ko kai ne ka cinye mini zakara?" Ta kwashe da dariya. "Ashe duk unguwa ya bi. Har gidan liman, har wajen mai shayi. Ci-rani zai tafi ke nan. Haka ake so. Ba irin namu ba, da sai dai ki wayi gari ki ga ɗaki wayam, ba sallama ba komai."

"Haka ne," in ji Hajjo.

Kowa a Zandam ya san wannan. In an gama kaka, samari suna tafiya kudu neman abin da za su dawo da shi kafin ruwa ya sauka, kuma mai tarbiyya yakan bi dangi da maƙwabta ya nemi gafara, domin hanya ba ta da tabbas. Badamasi ne yake jan tawagar unguwarsu kowace shekara.

Da la'asar Hajjo ta ga Zulkifli ya fito da jakar yaron a kafaɗa, ya cika ta da albasa zai kai wa wani.

"Wa ya ba ka aron jakar mutane?"

"Ba aro ba ne, Inna. Ya bar mini. Har bargon. Ya ce kwana nan zan huta, ɗaki ya zama nawa ni kaɗai." Ya yi dariya. "Na ce masa Allah ya kawo ranar, dama munsharinsa ya ishe ni."

Ya fita. Hajjo ta tsaya da muciya a hannu har tuwo ya fara kamawa.

Ta ga masu tafiya ci-rani tun tana yarinya. Mai tafiya yana aron jaka, ba ya kyautar da tasa. Yana gyara takalminsa. Yana neman bargo, domin a rumfar kasuwa zai riƙa kwana. In yana da dabba, yakan bar ta kiwo, ya ce a kula masa da ita kafin ya dawo.

Washegari ta mayar da maganar wajen Khairiyya a fakaice, ta ce ko a tambayi maigidan ranar tashi, don a daka wa masu tafiya guzuri. Khairiyya ta dawo da amsa kafin azahar.

"Ya ce yaronku bai yi masa maganar tafiya ba. Ƙila wata motar zai bi. Kin san 'yan birni, suna da nasu mutanen."

Hajjo ta san ba shi da kowa. Mutanensa mace ɗaya ce, kuma tana cikin ƙasa.

Akwai wani abu da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Bayan an tafi da shi yaye, ta yi watanni ba ta jin ɗanɗanon abinci. Tana aikinta, tana gaida surukai, tana dariya in an yi dariya, amma in ta kwanta sai ta ji da ba za ta farka ba da ya fi mata. Aka ce ciwon nono ne, aka jiƙa mata saiwa. Babu wanda ya tambaye ta komai. Ta san irin wannan shirun, ta kuma san fara'ar da ake rufe shi da ita.

Ta sami Manu a gindin rumbu yana jera dammunan gero. Ta tsuguna nesa kaɗan.

"Malam, na wajen Dada ba ci-rani zai tafi ba."

"To ina za shi?"

Ta faɗi jakar, ta faɗi bargon da tunkiyar, ta faɗi amsar Badamasi. Sannan ta faɗi abin da take tsoro, da ƙaramar murya. Manu ya ajiye damin da ke hannunsa.

"Subhanallahi. Ke Hajjo, ki ji tsoron Allah. Ɗan Musulmi? Wanda ba ya rasa jam'i? Kada in ƙara jin wannan a bakinki, kada ki ja mana abin faɗa a gari. Yaro ya yi hankali zai fita nema, ke kina yi masa mugun fata."

"Ka tambaye shi ina za shi."

"Ni in tambaye shi?" Ya kawar da kai. Shi ma ɗan farinsa ne, shi ma bai taɓa zama da shi su biyu ba. "Ai ya zo jiya ya nemi gafarata. Na yafe masa, na sa masa albarka. Me ya rage?"

Hajjo ta tashi ta koma madafi. Ta lissafa gidajen unguwa a ranta, ta lissafa mutanen gidan. Ita kaɗai ta rage.

Yaron ya zo washegari da hantsi, lokacin da kowa ya tafi gona kwasar dawa. Tana tsakar gida tana sheƙar wake. Ta ji sallamarsa, ta amsa ba ta ɗago ba. Ya yi wanka, ya sa rigar da ya ɗinka wa kansa a keken Dada. Ya tsuguna kusa da turmi, ya ba ta gefe, yana kallon ƙasa.

"Innar su Zahara'u, sannu da aiki."

"Yauwa."

"Dama na zo ne, in akwai abin da na yi miki, da sanina ko ba da sanina ba, ki yafe mini."

Amsar a shirye take. Kowa ya san ta, ko yaro ya san ta: ba ka yi mini komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta zo har bakin Hajjo. In ta faɗe ta, zai ce amin, ya miƙe, ya fita ta zaure, ba sauran wanda zai je wa.

Ta ajiye faifan.

"Ban yafe ba."

Ya karkato kunne, kamar bai ji daidai ba. Kaji suna tsattsagar ƙaiƙayi a tsakaninsu.

"Na'am?"

"Na ce ban yafe ba."

Ya ɗago ya dube ta. Ita ma ta dube shi. Rabon da ta kalli fuskarsa sosai tun yana goye. Ta ga yana da ɗan tabo a gira, wanda ba ta san inda ya samo shi ba.

"Me na yi miki?"

"Ba ka yi komai ba. Ina za ka?"

"Tafiya zan yi."

"Da wace jaka?"

Ya dubi zaure.

"Da wane takalmi? Wace mota?"

Ya mayar da kansa ƙasa. Ya ɗauki ƙwayar wake ɗaya da ta faɗi yana juya ta a yatsa.

Hajjo ta buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Ta sha faɗarsa a zuci, amma harshenta bai san hanyarsa ba. Da ya fito, sai ya fito da ƙarfi fiye da yadda ta so, har kajin suka watse.

"Musbahu."

Ya saki waken.

"Kashe kanka kake son yi?"

Ta yi zaton zai yi rantsuwa, ko ya yi fushi ya tashi. Bai yi ko ɗaya ba. Sai kafaɗunsa suka sauka kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Na gaji ne," ya ce.

Ta jira.

"Ba wanda ya yi mini laifi. Shi ne abin. Masu gida sun karɓi gidansu. Baffa na Kangire ya yi gaskiya, ban iya noma ba. Keke na Baba ne. Nan ma kowa yana yi mini kirki, kamar yadda ake yi wa baƙo. To baƙo ai tafiya yake yi." Ya goge hanci da bayan hannu. "In na farka da safe sai in rasa wanda zan gaya wa na tashi. Dada takan buga ƙofa ta ce, malalaci, rana ta fito ta bar ka. Yanzu ko na kai azahar ba wanda zai buga, don kada a takura wa baƙo. Na duba, na ga ba abin da zai ragu a gidan nan in babu ni. Tuwo ma sai ya ƙara isa."

Hajjo ba ta iya dogon zance ba. Ta san dai in ya fita daga tsakar gidan nan, ba ta da ƙafar da za ta cim masa. Ta dubi buhun da ke jingine a bango.

"Zo ka riƙe mini bakin buhun nan."

Ya dubi buhun. Sannan ya tashi ya zo ya riƙe. Ta riƙa ɗibar wake da ƙwarya tana zubawa a hankali. Da buhun ya cika ta ce ya ɗinke bakin, tun da shi ne maɗinki. Da ya gama ta kawo wani. Da wake ya ƙare ta zubo gyaɗa ta ce su ɓare. Ta dama fura ta ajiye a tsakaninsu, ludayi biyu. Ba su yi wata hira ba. Sau ɗaya ya ce zai fita ya dawo, ta ce in ya fita za ta bi shi ko mayafi babu, gari ya kalle su. Ya zauna.

A haka mutanen gona suka same su. Manu ya tsaya a bakin zaure da lauje a hannu.

"Malam," in ji Hajjo, "gobe zan kai Musbahu asibiti a Birnin Kudu. Na tambaye shi, ya gaya mini."

Zahara'u ta dafe baki. "La! Inna ta faɗi sunan Yaya!"

"Na faɗa. Ke kuma kwance tunkiyar nan ki mayar masa. Zulkifli, cire takalmin mutane."

Manu ya dubi matarsa, ya dubi ɗansa, yana jiran yaron ya musa. Yaron bai musa ba. Manu ya jingine laujen a bango, ya zauna a kan dakali, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.  Bayan sallar magariba ya ɗauki tabarmarsa ya kai ɗakin zaure, ya ce wa Zulkifli ya matsa.

Da safe suka hau babur zuwa Gwaram, daga nan suka shiga mota. Hajjo ba ta taɓa zuwa Birnin Kudu ba. Duk shekarun da ya yi a can, kunya ba ta bar ta ta je ba. Aka matse su a kujera ɗaya, kafaɗarta tana gogar tasa, kowa yana kallon gabansa. Da duwatsun garin suka bayyana, ya nuna wani lungu ta taga.

"Nan ne gidanmu. Sun canja ƙofa."

Ta juya ta duba, amma motar ta riga ta wuce.

A asibiti aka shiga da shi shi kaɗai. Ta zauna a benci cikin mutanen da ba ta sani ba, kowa da abin da ya kawo shi. Wata tsohuwa ta tambaye ta wa ta kawo.

"Ɗana," ta ce. Tsohuwar ta yi masa addu'a, ta koma ga nata.

An daɗe kafin a kira ta. Ma'aikaciyar ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce ciwo ne, ana jinyarsa, kuma ba a rana ɗaya yake tafiya ba. Ta ce kada a bar shi shi kaɗai a kwanakin nan, a kawar da duk abin da zai iya cutar da shi, a dawo ranar da aka sa, in abin ya taso kafin nan a zo ko ba rana. Ta ce tambayar da Hajjo ta yi masa kai tsaye ita ce daidai, ta ci gaba da yi. Hajjo ta ce to.

Suka fito rana ta take. A tasha ya tsaya wajen wata mai awara, matar ta gane shi, ta yi masa gaisuwar Dada, ta tambayi wace ce wannan. Ya dubi Hajjo.

"Innar su Zahara'u ce," ya ce.

Hajjo ta amsa gaisuwar. Ba ta gyara masa ba.

Motar Gwaram ba ta cika ba, suka zauna a ciki suna jira. Ya buɗe ledar awarar ya ajiye a tsakaninsu. Ta lura ya ware yajin gefe, bai taɓa shi ba. Wata huɗu tana zuba masa yaji a miya.

"Ba ka cin yaji?"

"Yana ƙona mini ciki."

"Ba ka faɗa ba."

"Ba a tambaya ba."

Ta ɗauki awara ɗaya ta ci. Ɗan kamasho yana ta kiran Gwaram, saura mutum biyu. Musbahu yana kallon titi, inda wani tela ya fito da kekensa bakin shago yana taka shi.

"Yanzu kin yafe?" ya ce, bai juyo ba.

"Tukuna."

"Sai yaushe?"

Hajjo ta gyara mayafinta, ta ɗaure bakin ledar don kada sauran ya huce.

"Ka tambaye ni gobe da safe. Zan buga maka ƙofa."